Fadamar da Aka Ƙona a Layi Biyu

Mansura tela ce a Matameye. Shagonta yana gefen tasha, inda motocin Damagaram suke lodi, kuma a nan, tsakanin wannan ɗinki da wancan, take rubuta labarinta a waya. Ta sa masa suna Makullin Damina. Da wasa ta fara. Ta buɗe grup a WhatsApp don ƙawayenta, ƙawayen suka jawo nasu ƙawayen, kafin ta ankara akwai masu jiran labarin a Damagaram da Maraɗi da Daura har Kano, mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba.

Labarin wata ƴar maƙeri ne mai suna Najaha, a wata duniya ta daban mai rana biyu. Sarkin aljanun dutse, Kurmazau, ya kulle ruwan sama a taskarsa, ya kuma sace ƙanen Najaha ya ɗaure shi a ƙasan fadarsa. Yarinyar ta ɗauki gudumar mahaifinta ta kama hanya. Littafi na farko ya ƙare tana hanya, na biyu ma haka. Ga shi an shiga na uku, ko hango dutsen Kurmazau ba ta yi ba.

Wata safiya Mansura ta saki sabon babi. A cikinsa Najaha da abokan tafiyarta sun gangara wata fadama, wurin da ya rage da ɗanyen ganye a duk faɗin ƙasar. Babin bai fita daga fadamar nan ba. Mansura ta faɗi yadda ganyen rake yake ƙara in iska ta ratsa shi, da ƙamshin lawashi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da kukan kwaɗi. Ta tsaya a kan wata gajeriyar rijiya da aka gitta wa itacen giginya a baki, igiya ta ci itacen har ta yi masa zane-zane, ruwan kuma launin shayin da aka zuba wa madara kaɗan. Wani tsoho mai lambu ya fere wa baƙin rake, bai tambaye su daga ina suke ba. A nan babin ya ƙare.

Kafin azahar grup ya ɗauki zafi.

"Tanti, mun ji rijiya. Ina yaƙin?" in ji wata.

Wani ya rubuta: "Tun azumi ake tafiyar nan. Forfe ɗina na intanet ya ƙare a kan kukan kwaɗi."

Hajiya Baiwa, wata tsohuwar ungozoma da ke karantawa daga Magariya, ta tare wa Mansura. "Ku bar ta ta yi aikinta. Ni in ban san abin da mutum ya ci ba, ban san inda ya kwana ba, ban yarda yana raye ba, balle in damu ranar da za a sare shi."

Wadda ta fi kowa kaifin baki ita ce Anisa, ɗaliba a jami'a a Damagaram. Ta ce ita yanzu ta koyi dabara, in ta ga sakin layi ya fara da itace ko tukunya, sai ta tsallake har ta ga inda wani ya buɗe baki ya yi magana. Mutane da yawa suka ce su ma haka suke yi.

Da yamma Mansura ta nuna wa mijinta Sallau. Shi direba ne, yana jigila tsakanin Matameye da Damagaram, karatun labari kuma bai dame shi ba. Ya yi dariya ya ce, "Wai har yanzu ba su isa ba? Ki ba ni su in kai miki su, in dawo kafin la'asar."

Ba ta yi dariya ba. Amsar mutum ɗaya take jira, kuma ba ya cikin grup ɗin.

Hashimu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar mahaifinsu damina ta yi gardama, gero bai yi ba, aurensa ma ya mutu a tsakanin, sai ya bi ayarin masu tafiya Aljeriya. Ya sauka a Tamanraset yana aikin gini, yana kwana ɗaki ɗaya da wasu ƴan ƙasar Kance. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makaranta, karatun boko yana yi masa nauyi, don haka duk babin da Mansura ta rubuta sai ta karanta shi da baki ta tura masa. Yakan saurara lokacin hutun rana, a inuwar bulo, ya maido mata da amsa da murya.

Washegari amsar ta zo. Ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

"Mansu, rijiyar Baba ce wannan. Kada ki ce mini a'a. Rijiyar lambunmu ta hanyar Ɗan Barto. Itacen giginyar nan ni na taya shi ɗorawa, har ya danne mini yatsa. Amma kin manta abu ɗaya, akwai gwandar da ta karkata a kanta, wadda Inna take hana mu hawa. Ki sa ta. Kuma tsohon nan, ki bari su kwana wurinsa mana. Saurin me suke yi?"

Ta saurara, ta sake saurara. Gaskiya ne, rijiyar Baba ce, ko da yake lokacin da take rubutawa ba ta lura ba. Tun suna yara haka Hashimu yake. In yana yi mata tatsuniya sai ya ɓata lokaci a kan irin takalmin da mutum ya sa da irin miyar da aka ba shi, har barci ya ɗauke ta ba a kai ga dodo ba. Shi ya koya mata wannan jan labarin, ba tare da ya san yana koya mata komai ba.

Daga nan ta riƙa yi da gangan. Ta sa gwandar. Ta sa wata kasuwar aljanu da aka tsara kamar kasuwar Matameye, ƴan rake a bakin hanya, masu tabarmi a can ƙarshe. Ta sa wata tsohuwa mai dama fura da hannun hagu kamar Innarsu. Duk wanda Hashimu ya gane sai ya aiko da dariya, ya ƙara mata wani abin da ta manta. Wani lokaci saƙonsa ya fi babin tsawo.

Grup kuwa ya fara raguwa. Kullum sai ta ga an rubuta wane ya fita, wance ta fita. Wasu sun koma wurin wani marubuci da ake cewa kowane babinsa sai an fille kan wani.

Sai Anisa ta yi mata magana ta gefe, ba a grup ba, kuma wannan karon babu ba'a.

"Tanti, don Allah kada ki ji haushina. Ni fa ina son Najaha, shi ya sa nake faɗa. Ƙanenta yana ɗaure a ƙasan dutse, ba ta san ko yana ci ko yana sha ba. Wace yarinya ce za ta zauna tana shan rake tana kallon igiyar rijiya alhali ɗan'uwanta yana can? In kika tsaya haka, sai in ga kamar ke ma kin manta da shi. Ba ƙin bayani nake ba. Amma mai neman ɗan'uwansa ba ya ganin itatuwa, hanya kawai yake gani."

Mansura ta ajiye wayar ta koma kan keke. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkawa. Maganar ta tsaya mata a rai domin ta san akwai gaskiya a ciki. Ta ɗauko littafi na uku daga farko ta karanta da idon Anisa, sai ta ga wurare da yawa da ita kanta ta ƙosa. Ta ga Najaha ta zama kamar mai yawon buɗe ido.

Babin da ya biyo baya ta rubuta shi a zama ɗaya. Rundunar Kurmazau ta biyo sawun Najaha. Suka auka wa fadamar da asuba, suka cinna mata wuta, suka kashe tsohon mai lambu. Layi biyu ta ba abin, ta wuce. Najaha ta tsere a kan wata garma mai tashi sama da ta ƙera da hannunta, ta faɗa tsakiyar mayaƙa, guduma ta fara aiki. Kafin babin ya ƙare an ci gari guda, amintaccen abokin tafiyarta ya ci amanarta, dutsen Kurmazau ya bayyana a gabansu.

Grup ya kacame. Waɗanda suka fita suka dawo da wasu. Anisa ta rubuta cewa a tsaye ta karanta, ta kasa zama. Hajiya Baiwa kaɗai ta ce, "Allah ya ji ƙan tsohon nan. Ko sunansa ba a faɗa mana ba."

Mansura ta ji daɗi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta karanta babin ta tura wa Hashimu da ɗoki.

Amsa ba ta zo washegari ba. Sai bayan kwanaki ya kira ta kai tsaye, abin da bai cika yi ba. Tana shago, rana ta take.

"Mansu, kin ƙona fadamar."

"Yaya, labari ne. Dole wani abu ya faru."

"Ban ce kada ta ƙone ba. Amma a layi biyu? Ko hayaƙin ban gani ba. Gwandar fa, ta ƙone ko ta tsira? Tsohon da kika kashe, ina ya faɗi, wa ya rufe shi?"

"Mutane sun gaji da wannan, Yaya. Suna ta fita."

"To su fita mana." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Ki saurara. Yanzu tunda an yi yaƙin, ki bari su sauka wani wuri su huta. Ko kwana ɗaya. A dafa musu wani abu, su wanke ƙafa. Ki faɗa mini yadda wurin yake."

Ranar ta gaji. Wata mata ta dawo da ɗinki tana mita, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, zafi ya cika shagon. Sai ta ji bakinta ya riga ta.

"Yaya, kai kaɗai ne mai saurare? In gida kake son gani, ka dawo gida mana. Ba a cikin labarina za ka zauna ba."

Ya yi ƴar dariya, irin wadda yake yi in an taɓa shi a inda yake ciwo.

"Gaskiyarki. To shi ke nan, marubuciya. Ki gaida Inna."

Ta so ta kira shi da yamma ta gyara maganar, sai aiki ya sha kanta. Ta ce a ranta in an gama yaƙin za ta rubuta masa babi guda na hutu, mai tsawo, ta sa duk abin da yake so. Amma yaƙi ya ja wani yaƙin. Masu karatu suna ta zuga ta, ita ma ta sami daɗin gudun. Tana tura masa kowane babi. Takan ga alamar ya saurara, amsarsa kuwa ta koma gajera. "Na ji, Mansu. Allah ya ƙara basira." Wani lokaci muryar a dishe. Da ta tambaya ya ce ƙurar siminti ce, kowa a wurin haka yake. Ta ɗauka fushi yake yi, ta ce zai huce.

Daga baya ko alamar saurare ta daina gani. Inna ta ce ita ma ya kwana biyu bai kira ta ba. Sallau ya ce wataƙila reso ne, wato layin waya ba ya kamawa, ko an tura su aiki wajen gari.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, shago cike da mata, wata baƙuwar lamba ta Aljeriya ta kira. Lawali ne, abokin ɗakin Hashimu, mutumin Dawce. Ya yi sallama, ya tambayi ko Sallau yana kusa. Ta ce ya tafi Damagaram. Sai ya ce, "Sai haƙuri, Mansura. Hashimu lokaci ya yi. Jiya da la'asar. Mun yi masa sutura, mun kai shi."

Ba ta yi kuka a nan ba. Ta ce wa matan su yi haƙuri su dawo wani lokaci, ta rufe shagon, ta ratsa kasuwa da ƙafa. Ta wuce ƴan rake, ta wuce masu tabarmi, mutane suna gaishe ta tana amsawa. Sai da ta shiga gidan Inna ta gan ta zaune tana tsince wake, ta ɗago kai tana murmushi tana cewa yau an tashi da wuri, sannan Mansura ta durƙusa a gabanta ta fashe da kuka.

Aka yi zaman makoki ba gawa. Wannan ya fi komai yi wa Inna ciwo. Takan ce da a nan ne, da ko ƙasar kabarinsa ta gani.

Bayan an share makoki Lawali ya sake kira, Mansura ta roƙe shi ya faɗa mata komai. Ya ce ciwon ƙirji ne, ya daɗe yana cin sa. Sun kai shi likita, an ba shi magani, ya ɗan ji sauƙi ya koma aiki, sai abin ya dawo da ƙarfi. Shi ya hana a faɗa wa gida, wai kada hankalin Inna ya tashi, in ya sami ƙarfin zama a mota zai taho da kansa.

"Ya yi fushi da ni?" ta tambaya.

"Fushi kuma? Mutumin da ya ishe mu da muryarki? Da ya kwanta, kullum wayar tana kan ƙirjinsa. Tsofaffin nan yake sakawa, na rijiya da na kasuwa. Har mun haddace. Muna ce masa, Hashimu, ka sa mana na yaƙin mana, sai ya ce wannan na masu lafiya ne, shi ba zai iya gudu ba yanzu."

Lawali ya yi dariya kaɗan, ya yi mata sallama.

Mansura ta sanar a grup cewa an yi mata rasuwa, labari ya tsaya. Addu'o'i suka yi ta shigowa. Bayan ɗan lokaci wasu suka fara tambaya a hankali, yaushe za a ci gaba, an bar Najaha a bakin ƙofar Kurmazau. Ta buɗe wayar sau da yawa don ta rubuta. In ta fara bayanin wuri sai ta tuna babu wanda zai ce mata ta manta gwanda. In ta fara yaƙi sai ta ji kamar tana sake faɗa masa maganar nan. Sai ta rufe.

Wata Asabar wata siririyar yarinya mai tabarau ta yi sallama a gidan Inna. Ta ce ita ce Anisa, ta shigo motar safe daga Damagaram don ta yi gaisuwa. Mansura ta yi mamakin ƙanƙantarta, da yadda take magana ƙasa-ƙasa, ba kamar a rubutu ba. Suka zauna a tabarma a inuwar ɗaki. Inna ta dama mata fura.

Mansura ba ta yi niyyar faɗa mata ba, amma ta faɗa, tun daga rijiyar har kiran ƙarshe. Anisa ta cire tabarau tana share ido.

"Tanti, ni na sa ki. Da ban yi miki maganar nan ba..."

"A'a. Abin da kika faɗa gaskiya ne. Labarin yana jan ƙafa, ni ma na gani. Ke kina son ki ga an ceto yaron, shi yana son ya zauna a inuwa. Ban san yana ciwo ba, shi ke nan. Da na sani, da na bar su a fadamar nan har shekara, kowa ya fita in ya ga dama."

"Ni ban taɓa tunanin akwai mai karanta wuraren da nake tsallakewa ba," in ji Anisa.

Inna tana gefe tana jin su. Ba ta taɓa sanin me ƴaƴanta suke yi a waya ba, ta dai san suna daɗewa. Ta ce, "Wai muryarsa tana nan a ciki? Sa mini in ji."

Mansura ta yi jinkiri, sannan ta sa. Muryar Hashimu ta cika tsakar gidan, da ƙarfinta, da ƙarar injin a baya. Yana cewa tsohuwar nan mai fura da hannun hagu ai ya gane ta, amma a gaya wa marubuciya Inna ba ta taɓa ba mutum fura ba tare da ta ɗanɗana ludayi ɗaya ba tukuna, a gyara. Yana dariya har yana tari.

Inna ta riƙe bakinta da gefen mayafi. Da saƙon ya ƙare ta ce, "Ji tarin nan. Tun a nan yana ciwo." Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba har Anisa ta tafi.

A hanyar raka ta tasha Mansura ta ce, "Ke za ki ƙarasa shi."

Anisa ta tsaya cak. "Ni? Tanti, ban taɓa rubuta komai ba."

"Kin san Najaha kamar yadda na san ta. Mutane suna jira, ba su yi mini laifin komai ba. Ni kuwa ba zan iya ba. Na gwada."

"To yaya kika shirya ƙarshen? Yaron yana raye?"

"Ban shirya ba. Ki yi yadda kika gani."

Anisa ta ƙi, ta sake ƙi, daga baya ta karɓa. Mansura ta sanar a grup, ta miƙa mata ragamar, ta kashe sanarwar saƙonni. Ta koma ɗinkinta. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka shiga ɗinkin bukukuwa. Sallau ya lura ta daina riƙe waya in ba kira za ta yi ba, sai ya riƙa dawowa gida da wuri.

Ran nan da rana, shago babu kowa, saƙon Anisa ya shigo. Ta gama. Ta haɗa littafi na ƙarshe gaba ɗaya ta turo, ta ce ba za ta sake shi ba sai Tanti ta gani.

Mansura ta ture atamfar da ke kan keke ta fara karantawa. Rubutun Anisa gudu yake kamar ruwan kwari. Babu itace, babu tukunya. Najaha ta fasa ƙofar dutse, ta yi ta sauka, aljanu suna zubewa a gabanta, ta karya gudumar mahaifinta a kan makullin taskar, ruwan sama ya ɓalle. Mansura ta sami kanta tana jan shafi da sauri. Yarinyar ta iya. Akwai wuraren da ita da kanta ba za ta kai haka ba.

A can ƙasan fadar Najaha ta tarar da ƙanenta. Yana raye. Ya rame, idonsa ba ya son haske, amma ya gane muryarta. Ya ce mata, "Kin daɗe." Ta ce, "Na zo." Ta goya shi a baya ta fito da shi cikin ruwan sama, ta kai shi gida wurin uwarsu.

Mansura ta kifa wayar a kan cinyarta. Ta sunkuyar da kai a kan keken ɗinki ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar makoki, har mai shayin da ke maƙwabtaka da ita ya leƙo, ya ga halin da take ciki, ya ja mata ƙofar a hankali ya koma.

Da ta natsu ta wanke fuska da ruwan buta. Ta rubuta wa Anisa: "Ya yi kyau ƙwarai. Kada ki canza komai. Ki sake shi, ki sa sunanki." Anisa ta tambaya ko za ta rubuta ko da shafi ɗaya ne a ƙarshe, da hannunta, don masu karatu su ji muryarta. Mansura ta ce a'a.

Littafin ya fita a daren Juma'a, aka yi ta yabo. Hajiya Baiwa ta kira ta washegari, karo na farko da suka ji muryar juna, ta yi mata gaisuwa, suka daɗe suna hira a kan ciwon ƙafa da tsadar atamfa. Ba wadda ta ambaci labarin a cikinsu. Mansura ba ta sake rubuta wani ba. Da la'asar takan rufe shago ta biya gidan Inna, su zauna tare har a kira magariba, sannan ta wuce gida.